Daren da Madrid ta ci kofi, daliget suka ci kasuwa

Ranar Asabar 28 ga Mayun 2022, ɗan yayata ya tashi daga teburinsa na POS tun kafin isha'i, ya naɗe lema, ya kai injin gida, ya zarce gidan kallon ƙwallo. Wasan ƙarshe ne na kofin zakarun Turai, Real Madrid da Liverpool a Paris, shi kuwa ɗan Madrid ne na a-mutu. An jinkirta take wasan fiye da rabin awa saboda turmutsitsi a ƙofar filin, samarin da suka cika bencina suka duƙufa kan wayoyinsu. A daren ne kuma PDP take zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Abuja. Kafin a tashi labari ya zaga ɗakin cewa Tambuwal ya janye wa Atiku. Wani ya yi tsaki, wani ya yi kabbara. Da Vinicius ya zura ƙwallo, kowa ya manta da zancen.

Washegari da na zo cire kuɗi a wurinsa, yana danna injin yana cewa, "Kawu, ka san duk biyun kallo muka yi ko? Gara ma ƙwallon, kuɗina na biya na shiga, na san abin da na saya."

Na yi dariya a lokacin. Mako biyu bayan nan, a Yunin 2022 da na yi wannan rubutu, maganar ba ta bar ni ba.

Shekararsa 23. Ya shiga wata jami'ar tarayya a 2018 karatun shekara huɗu, wanda a lissafi a 2022 ya kamata a ce yana shirin bautar ƙasa. Yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye masa wata tara, ga korona a kai. Na 2022 kuma an fara shi ranar 14 ga Fabrairu, zuwa watan Yuni ya cika wata huɗu babu alamar ranar komawa. Kuɗin hayar ɗakin da suka haɗa da abokinsa a bayan makaranta yana ta ƙonewa, katifa da littattafai ne kawai ke kwana a ciki. Da zaman ya ishe shi, wani maƙwabci ya ba shi injin POS suna raba riba. Yanzu ranarsa ta ƙunshi jiran netiwok, da rigima da wanda aka cire wa kuɗi a asusu amma injin ya ce bai fita ba, da neman inda zai sa caji, tunda babban layin wutar ƙasa ya sha faɗuwa tun watan Maris. Gilashin wayarsa ya tsage tun kafin azumi. Duk sanda ya tara kuɗin canzawa ya je kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, sai a ce masa dala ta tashi.

Dalar kuwa ta tashi. A ƙarshen watan Mayun 2022 ta haura naira 600 a kasuwar bayan fage, kuma daga Wapa ta Kano har Zone 4 ta Abuja babu ɗan canjin da zai ɓoye maka cewa 'yan siyasa na cikin masu wawushe ta. Wannan ita ce hanya mafi kusa da zaɓen fidda gwani ya taɓa rayuwar yaron nan: ta gilashin waya.

Ga lissafin da nake so mai karatu ya riƙe. A zaɓen 2019 masu rajista sun kai miliyan 84. Amma waɗanda suka yanke wa ƙasar nan sunayen da za ta gani a manyan jam'iyyu biyu a Fabrairun 2023 kaɗan suka haura dubu uku. A PDP daliget ɗaya, wato wakilin da ke zaɓar ɗan takarar jam'iyya, aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai 800 ba. Atiku ya samu 371, Wike 237, Saraki 70. A APC uku-uku ne daga ƙananan hukumomi 774, wato 2,322; Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Kano mai ƙananan hukumomi 44, da duk cikarta da batsewarta, rabonta a wannan lissafi mutum 132 a APC, 44 a PDP. Motocin safa huɗu za su kwashe su.

Yadda aka yi adadin ya tsuke haka ma abin dariya ne. Majalisar tarayya ta fara rubuta dokar zaɓe da sharaɗin dole a yi 'yar tinƙe, wato duk 'yan jam'iyya su zaɓi ɗan takara da kansu, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a Disamban 2021. Aka gyara, aka bar wa jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe, ko daliget, ko masalaha. Ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Sai daga baya 'yan majalisar suka farga cewa sashe na 84(8) da suka rubuta da hannunsu ya hana daliget na dindindin yin zaɓe, wato su kansu, da gwamnoni, da shugaban ƙasa. Suka yi gaggawar gyarawa a watan Mayu, shugaban ƙasa ya ajiye takardar bai taɓa ba. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Da kaya suka yi ƙaranci a kasuwa, farashinsu ya tashi, kayan kuwa su ne daliget.

Ban ga an ƙirga wa kowa dala da idona ba, kuma ba zan ɗora wa wani adadi ba. Amma jami'an EFCC sun je wuraren tarukan, jaridu sun cika da labarin, kuma a zaɓukan fidda gwani na jihohi mun ji waɗanda suka faɗi suna bin daliget gida-gida a dawo musu da kuɗinsu. Ba a neman canjin abin da ba a biya ba.

Tun daga kuɗin fom ma aka nuna wa matashi iyakarsa. APC ta sa naira miliyan 100 na takarar shugaban ƙasa, PDP miliyan 40. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 da ɗoriya kafin ya tara na APC. An yi wa matasa rangwamen rabi, wato a rage maka zuwa shekara 138. Duk da haka sama da mutum 20 suka saya, da yawansu kuma suka ce ba su suka biya ba, wai ƙungiyoyin masoya ne suka yi karo-karo. Cikin masu sayen har da ƙaramin ministan ilimi na lokacin, Chukwuemeka Nwajiuba, jami'o'i na rufe. Ɗan yayata ya nuna mini hoton a waya bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

A 2018 mun yi murna da dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Doka ce mai kyau, ban raina ta ba. Sai dai ta buɗe ƙofar zaure ne ta bar ta cikin gida da kwaɗo. Ga abin da ya fito a 2022: Atiku shekara 75, Tinubu 70, Kwankwaso 65, Peter Obi 60, a ƙasar da fiye da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba. Ni tsufa bai dame ni ba, dattijo mai hankali ya fi saurayi mai haɗama. Abin da ya dame ni shi ne a duk kwanakin nan na taro da jawabai, zancen ɗaliban da ke zaune a gida bai zama abin da ke ɗaga ɗan takara ko ya kayar da shi ba. Haka fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace tun 28 ga Maris, da yawansu har lokacin suna daji. Haka mutanen da aka kashe a cocin Owo ranar 5 ga Yuni, ana gobe APC za ta taru a Eagle Square. An yi ta'aziyya, aka ci gaba da lissafi. Kuma in ka duba, lissafin nasu daidai yake: ɗan takara yana magana ne da wanda zai zaɓe shi, wanda zai zaɓe shi kuwa yana otal a Abuja.

Ba a bar matasa haka nan ba dai, an ba su aiki. Ɗan yayata yana cikin wani guruf na WhatsApp inda ake turo musu hoto da rubutu da safe su watsa a Facebook, a ƙarshen mako a tura musu kuɗin data, wani lokacin a manta. Sojojin baka na rediyo sun samu ƙanne a waya. Ya ɓata da abokinsa na yarinta a kan wasu mutum biyu da ba su san da zamansu ba, kwana uku bayan nan ɗayan ya janye wa ɗayan suka rungumi juna a talabijin. Wasu sa'o'insa an ɗebe su a mota zuwa filin jirgi tarbar mai gida, wasu liƙa fasta, waɗanda suka fi rashin gata kuma an ba su abin da za su sha da abin da za su riƙe. Ba na zagin yaron da ya karɓi kuɗin data. Wanda ya wuni a rana don ribar naira ɗari-ɗari ba ya buƙatar wa'azina a kan dubu biyu.

Abin da ake ta faɗa wa matasa a Yunin 2022 shi ne su je su yi katin zaɓe kafin INEC ta rufe rajista, kuma layukan sun cika, musamman tun da Obi ya koma Labour, Kwankwaso ya ɗaga NNPP. Madalla. Duk wanda ba shi da kati ya je ya yi. Amma katin zaɓe cokali ne da ake miƙa maka bayan an gama tuwo. Wanda ke son ya san me aka zuba a tukunya, sai ya kasance a madafa, madafar kuwa ita ce mazaɓa. Ƙasar nan tana da mazaɓu 8,809, Kano kaɗai 484. Daga can ake fara ɗauko shugabannin jam'iyya, daga hannunsu daliget ke fitowa. Ɗan yayata ya san sunan masu tsaron bayan Madrid har da na benci, amma da na tambaye shi wane ne daliget ɗin ƙaramar hukumarsu, bai sani ba. Gaskiya ni ma sai da na yi tambaya.

Na san amsar da za a ba ni, domin shi ma ita ya ba ni. "Kawu, wane zaɓe ake yi a mazaɓa? A gidan gwamnati ake rubuta sunaye, a kawo a karanta." A wurare da yawa haka ne, ba musu. Masu cewa 'yar tinƙe ce maganin abin su ma su tuna 2018, lokacin da APC ta yi wa Buhari ƙato-bayan-ƙato ba shi da abokin karawa, aka sanar da ƙuri'a miliyan 14.8, sannan a babban zaɓen 2019, da 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, ya samu miliyan 15.2. Jam'iyyar da ba ta da rajistar mambobi ta gaskiya, ko wane salo ta ɗauka, alƙalami ne zai yi zaɓen.

Duk da haka ban yarda mazaɓa ba komai ba ce, kuma hujjata a Kano take. Bayan zaɓen shugabannin mazaɓu na APC a ƙarshen Yulin 2021, jam'iyyar ta dare gida biyu, ɓangaren Gwamna Ganduje da na Sanata Shekarau. Shari'a ta tashi daga babbar kotu zuwa ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a farkon watan Mayun 2022 ta ba ɓangaren gwamna gaskiya. Cikin kwanaki Shekarau ya tattara ya koma NNPP. Manyan mutane ba sa ɗaukar manyan lauyoyi har Kotun Ƙoli a kan abin banza. Sun san wanda ya riƙe ciyaman na mazaɓa da sakatarensa shi ya riƙe tikiti. Rubuta sunaye a ɗaki kuma yana da sauƙi ne saboda ranar taron mutum ashirin ke zuwa, rabinsu an biya musu kuɗin mota. A ce samari da 'yan mata ɗari uku masu katin jam'iyya, waɗanda aka san iyayensu a unguwa, sun tsaya a filin firamare sun ce sai an ƙirga su, ko an murɗe, sai an yi gumi. Murɗiyar da ake yi da gumi kuwa ba a iya yin ta a mazaɓu dubu takwas rana ɗaya.

Aiki ne mai gundura, na yarda. Babu hoto mai kyau a ciki, babu wanda zai danna maka so. Taron mazaɓa a kan tabarma ake yi bayan la'asar, ana gardama a kan kuɗin lemo, kuma amfaninsa ba zai fito ba sai nan da shekara huɗu. Yaron da ke fama da netiwok da yajin aiki yana da dalilin cewa ba shi da wannan lokacin. Sai dai awannin da yake ba guruf ɗin WhatsApp a mako sun fi ƙarfin taron mazaɓa na wata guda.

Ranar Laraba na matsa masa muka je ofishin wata jam'iyya a mazaɓarsu, ba zan faɗi wacce ba. Shago ne ɗaya da tuta ta koɗe a sama, a kulle, akuya na kwance a barandar. Mai gyaran keke da ke gefe ya ce ba a buɗewa sai in manya za su zo, littafin rajista kuwa yana gidan ciyaman, ciyaman kuma bai dawo daga Abuja ba tukuna. Ya ce mu gwada ranar Asabar.

Ɗan yayata ya dubi agogon wayarsa ta cikin tsagaggen gilashin. "Kawu, Asabar kasuwa ce. In zan zo, sai dai ka zauna mini a kan injin."