Wai talabijin na makantar da kare?

Jiya a majalisarmu ta Samaru wani maigadi ke cewa ogansa na bar wa kare talabijin a kunne, wai hasken zai makantar da shi tunda baƙi da fari kawai yake gani. A'a malam, ba haka bane. Kare na ganin shuɗi da rawaya, ja da kore ne ke rikice masa, kuma kallo baya makantar da shi, yawanci ma ɗan leƙawa zai yi ya kau da kai tunda hoto bashi da wari, shi kuwa da hanci yake gane abu. Ƙarar ce matsala, in yaji harbi ko haushi a fim sai ya firgice yana zagaye falo, to a rage masa sauti kuma a riƙa fita dashi yawo da yamma kar ƙiba ta kama shi.