Yadda Hajiya Ta Zama Risho

Ajin manya ne na dare, na koyon Turanci. Ticha ya ɗauki alli ya rubuta -er ɓaro-ɓaro a allo.

TICHA: Darasin yau mai sauƙi ne. Mu a Hausa mai noma manomi ne, mai ɗinki maɗinki. Shi Bature a wutsiya yake liƙa nasa: teach, teacher, drive, driver.

BAKANO: Au, direba! Ashe na daɗe ina jin Turanci ban sani ba.

BAZAZZAGI: Kai bawana, yi shiru 'yan birnin ilimi su yi magana. Malam, write, writer. Sing, singer.

TICHA: Madalla.

BAKANO: Wannan ai ko yaron shagona ya iya. Hajiyata, da duk Fagge ba wadda ta kai ta iya tuwon shinkafa, she is a good cooker.

TICHA: Subhanallahi! Alhaji, cooker abin ɗora tukunya ne, risho ko na gas. Mai girkin cook ake ce mata, ba a ƙara mata komai.

BAZAZZAGI: Ka mai da uwargida risho! Saura ka saya mata lagwani da kananzir.

BAKANO: Innalillahi! Shekaranjiya na faɗa mata haka a gaban 'yarmu mai karatun jami'a. Shi ya sa kwana biyu ɗumame ake kawo min, ba ko man shanu.

TICHA: Mu koma siffa. Nan -ness ake liƙawa: kind, kindness, happy, happiness, amma y ɗin ta koma i.

BAKANO: Long, longness. Ni da nake auna yadi a Kantin Kwari.

TICHA: A'a, length. Haka kuma strong, strength.

BAZAZZAGI: Ka gani ko? Abin sai mai kai. Long, length, strong, strength, wrong, wrength.

TICHA: Wannan ko a Ingila ba haka ake faɗa ba.

BAKANO: Allah ya kama ka! Birnin ilimi, an sha ƙasa!

BAZAZZAGI: Laifin Bature ne, ya kafa doka ya karya abarsa.

TICHA: Akwai kuma -ment: govern, government, wato gwamnati, pay, payment.

BAKANO: Yauwa, yanzu ka zo unguwarmu.

TICHA: Tunda mun zo, mai biya payer ne, wanda ake biya payee. Alhaji, kai ne payer, ni ne payee, kuma kuɗin makarantar wata biyu na nan a kanka.

BAKANO: (yana laluben takalmi) Malam, refuse fa, yaya sunansa yake?

TICHA: Refusal, da -al, kamar arrive, arrival.

BAKANO: To rubuta min shi a rajista, gaban sunana.