Wanda ya ci fagen daga ba lallai ya ci yaƙi ba

Har gobe kwalejojin horas da hafsoshin soja suna koyar da gwabzawar Kanne, wadda aka yi a kudancin Italiya a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hanibal, janar ɗin Kartaj, birnin da kufansa ke Tunisiya ta yau, ya tunkari rundunar Rum da ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba. Da gangan ya sa tsakiyar sahunsa ta riƙa ja da baya. Rumawa suka kutsa suna ganin banza ta faɗi, sai gefe da gefe suka rufe su, mahaya dawaki suka datse baya. Kafin rana ta faɗi an kashe musu wajen mutum 50,000.

Amma fa Hanibal ɗin nan shi ya sha kaye a ƙarshe, kuma wannan ɓangaren labarin ne ya fi cancanta a koyar. Majalisar dattawan Rum ta ƙi zaman sulhu, ta ƙi ma biyan fansar fursunoninta. Ta tara sababbin dakaru, har bayi ta ba makamai. Janar-janar ɗinta suka daina yi masa gaba da gaba, suka koma bin sawunsa suna ƙwace garuruwan da suka yi masa mubaya'a. Da ɗan'uwansa Hasdrubal ya taho masa da gudummawa a shekara ta 207, suka tare shi a kogin Metaurus suka kashe shi. Hanibal ya yi kusan shekara 15 a Italiya, ga basira ga jarumta, amma babu mai cike masa gurbin mayaƙan da suka faɗi. A 202 janar ɗin Rum Sipiyo ya murƙushe shi a Zama, a ƙofar gidan Kartaj.

Duk da haka sha'awar Kanne ba ta saki janarori ba. Alfred von Schlieffen, babban hafsan sojojin Jamus, ya yi mata dogon nazari, kuma shirin yi wa Faransa ƙawanya cikin 'yan makonni daga tunaninsa ya samo tushe. A Satumban 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, shirin ya wargaje a bakin kogin Marne, sojoji sun gaji da tafiyar ƙasa, kayan abinci da harsasai sun kasa cim musu. Aka shiga ramuka aka yi shekara huɗu. Napoleon ma ya shiga Mosko a 1812 ya zauna jiran sulhun da bai zo ba.

Wani zai ce ai akwai karon da ya yanke hukunci nan take, ya kawo Yarmuk ta shekarar 636, inda Musulmi suka ci Rumawan Gabas. Gaskiya ne, bayanta Sham ta kuɓuce wa Rumawan Gabas. Sai dai a tuna daular ta fito ne daga yaƙi da Farisa tun daga 602 har 628, baitulmali ya rarake, jama'a sun jigata. Ba a rage wa Khalid bin Walid komai ba idan aka ce Hirakla, sarkin Rumawan Gabas, ba shi da wata rundunar da zai sake turowa, alhali Rum ta zamanin Hanibal tana da ita.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da duk shugaban da ya yi wa jama'arsa alkawarin gajeren yaƙi. Lissafinsa kan tsaya a ranar da za a kama babban birni. Wa zai ciyar da birnin washegari, wa zai tsare shi, wannan sai an je can. A 2003 sojojin Amurka sun kama Bagadaza cikin mako uku. A watan Mayu Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa a Iraƙi, ya rattaba hannu kan dokar rusa sojojin Iraƙi, aka sallami dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga, babu aiki babu albashi. Tayar da ƙayar baya ta biyo, Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500 kafin ta janye a Disamban 2011. Sabuwar rundunar da ta kashe biliyoyin daloli wajen horaswa kuwa, ita ce ta zubar da makamai ta bar wa ISIS birnin Mosul a Yunin 2014.