Kafin ka ce wa abokinka "je ka ji wannan albam"

Ƙannena da abokaina masu son waƙa, yau da ku nake. Kusan kullum in an zauna majalisa da yamma, ko a guruf ɗin WhatsApp, sai wani ya jefo tambayar nan: me kake ji kwanan nan? Nan da nan amsa ta fara zuba. Wannan ya ce sabon albam ɗin wane ya yi wuta, wancan ya ce ai gwaninsa ya ƙure maleji, a turo, a sauke, a yi ta musu har a kira magariba. Ni ma da ni ake wannan hira, kuma ina jin daɗinta. Hukuncin kiɗa na bar wa malamai. Abin da ya dame ni shi ne, da yawanmu muna tallata abin da ba mu saurara ba.

Ka tsare mai cewa albam ya yi wuta, ka tambaye shi waƙa nawa ce a ciki, ko me mawaƙin ya ce a baiti na biyu na waƙa ta huɗu. Sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Iyakar abin da ya ji shi ne guntun amshi na daƙiƙa 30 da ake rawa da shi a TikTok. Kiɗan ya shige shi, kalmomin ko oho.

Kuma ni na fara faɗawa wannan rami. Kwanaki wani aboki ya turo min kundin waƙa guda, ya ce kar in bari ya wuce ni. Na haɗa da sifika a tsakar gida ina wanki, ya yi ta juyawa har na gama shanya. Bayan kwana uku na tarar da 'yar yayata, shekararta bakwai, durƙushe bakin famfo tana ɗauraye kwanuka, tana rera wani amshi da 'yar muryarta. Da na kasa kunne sai jikina ya yi sanyi, don batsa ce tsagwaronta aka lulluɓe da salon magana. Na daka mata tsawa na ce ina ta samo wannan. Ta ɗago ido ta ce, "Kawu, ai a wayarka na ji." Yaya tana bakin murhu, ba ta ce min ƙala ba, kallo ɗaya ta yi min ta ci gaba da fifita wuta. Har yau ina jin nauyin kallon nan.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba haka yake jin waƙa ba. In ya sa kaset ɗin Shata, gidan yakan yi tsit. Baiti ɗaya zai burge shi ya tsayar da rikoda, ya maimaita shi da bakinsa, ya gaya mana wane ne ake yi wa kirarin, wa kuma ake yi wa habaici. In batir ya yi sanyi sai ya zare kaset ɗin ya zura biro ya mayar da shi baya da hannu. Shata ɗan Musawa ya rasu tun 1999, amma har gobe akwai dattawan da za su kawo maka waƙarsa da ka, daga kirarin farko har inda kalangu ya tsaya, kuma ba a banza Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntigi kawai yake riƙe da shi, tsirkiya ɗaya tal, amma ya yi wa karen mota da talaka waƙar da ta sa aka dube su da idon mutunci. Narambaɗa kuwa, da kotsonsa a fadar Isa, ya bar Hausar da har yanzu ake rubuta kundin digiri a kanta. Ban ce duk abin da na da suka rera tsarkakakke ne ba. Akwai zambo mai zafi, akwai wanda ba ya jiyuwa gaban suruki. Sai dai masu saurarensu sun san abin da ke cikin kowane kaset, sun san wanda ake kunnawa a zaure da wanda ba a kunnawa gaban yara.

A cikin mawaƙan yau ma akwai masu zuba hikima. Mutum ya kwana yana gyara amsa-amo, ya biya kuɗin sitidiyo, ya jera waƙoƙi goma yadda ɗaya za ta miƙa wa ɗaya zance, kai kuma ka tsallake tara ka yanke masa hukunci da guntun amshi. Ka tauye shi, ko yabo ka yi ko kushe. In da hali ma ka ji shi a shafinsa na YouTube ko Audiomack, ya fi ka karɓa wurin mai turi a bakin kasuwa inda ko sisi ba ta isa hannunsa.

Ɗan'uwa, duk waƙar da ka tura wa wani, kai ka kai ta kunnensa, da kunnen ƙannensa, da na fasinjan da ke bayan a-daidaita-sahunsa. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i Allah ya gaya mana ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. Don haka ina roƙonku, kafin ka ce a je a ji, ka zauna ka ji shi kai kaɗai daga farko har ƙarshe. In aka tambaye ka me kake ji, ka kawo baiti guda ka faɗi abin da ya burge ka a ciki. In akwai waƙar da ba ta kunnuwa gaban yara, ka faɗa tun kafin ka tura.

A daren ranar da na ji 'yar yayata tana rera amshin na goge kundin daga wayata, na kuma kira abokin nawa na gaya masa, ya rantse shi ma bai taɓa lura da kalmomin ba. Amma jiya da safe na ji yarinyar tana shara a ƙofar ɗaki, tana rera amshin ƙasa-ƙasa don kar in ji.