Shiga mafarki ido biyu: abin gaskiya ne, amma ba yadda ake tallata mana shi ba

Jama'a, maganar nan ta shiga mafarki kai tsaye daga farke ta cika wayoyin samarinmu daga Garwa har Kuseri a arewacin Kamaru. Bidiyoyin galibi da Faransanci suke zuwa a TikTok da YouTube: wani zai zauna gaban kyamara ya ce ka kwanta rigingine, kada ka motsa, kafin ka ankara kana shawagi a sararin samaniya. Wasu har cewa suke ruhinka zai bar jikinka ya tafi yawo. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa duk wanda ya gwada ya buɗe wa aljanu ƙofa. Ni ban tare da kowa a cikinsu. Abin yana faruwa, an ma auna shi da na'ura, amma ba siddabaru ba ne, ba kuma karama ba ce. Yawancin masu gwadawa suna shan kaye ne don sun zaɓi lokacin da ba shi ba.

Mafarki cikin sani shi ne kana mafarki, kuma ka san mafarki kake yi. Hanya biyu ake isa gare shi. Ta farko, kana tsakiyar mafarkin sai wani abu ya tsaya maka a rai: ga kakarka tana tuƙa tuwo, sai ka tuna ai ta rasu tun tuni, nan take ka gane. Ta biyu ita ce ake ta surutu a kai, wadda masu bincike ke kira WILD: jiki ya yi barci, hankali bai yanke ba, ka wuce daga shimfiɗarka zuwa cikin mafarki kana sane da kowane mataki.

Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe, Hervey de Saint-Denys, ya wallafa littafi a kan sarrafa mafarki tun 1867, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan Frederik van Eeden kuma ya yi rubutu a kai a 1913. Amma shekara da shekaru masana suna ɗaukar abin a matsayin labarin baka, don wa zai shaida abin da ke kan mai barci? Dabarar da ta raba gardama tana burge ni har yau. A lokacin mafarki jiki a sake yake, ba ya motsi, amma ido yana motsawa. Sai Keith Hearne a Jami'ar Hull ta Ingila, a 1975, ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley: in ka gane kana mafarki, ka juya idonka hagu da dama kamar yadda muka shirya. Na'ura ta nuna mutumin yana barci, ta kuma nuna alamar idon. Stephen LaBerge ya yi irin wannan a Jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1980, kuma daga wajensa yawancin dabarun da ake yaɗawa yau suka fito. A 2021 ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Jamus da Faransa da Holan, suka yi wa masu barci tambayoyi masu sauƙi, har da na lissafi, wasunsu suka ba da amsa daidai da ido daga cikin mafarki.

To me ya sa yaronmu zai kwanta bayan isha'i, ya sandare har tsakar dare, ya tashi da ciwon wuya ba tare da ya ga komai ba?

Saboda barci ba dunƙule ɗaya ba ne. Zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90. Mafarkai masu kama da gaske sun fi zuwa ne a matakin da ido ke motsi da sauri, wanda aka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A farkon dare wannan mataki gajere ne, kuma sai an ratsa barci mai nauyi kafin a kai gare shi; babu wanda zai riƙe hankalinsa tsawon wannan tafiya. Amma yayin da gari ke dosar wayewa, barci mai nauyi yana raguwa, na mafarki yana tsawo, har mutum kan faɗa cikinsa jim kaɗan bayan ya rufe ido. Shi ya sa masu abin da gaske suke cewa ka fara yin barcin awa biyar ko shida, ka tashi na ɗan lokaci, sannan ka koma.

Yanzu ku dubi rayuwarmu. Wanda ya kwanta goma ko sha ɗaya, ladan ya tashe shi da asuba, ya yi alwala, ya je masallaci ya dawo, ai ya riga ya cika wannan sharaɗi ba tare da agogo ba. Duk wanda ya taɓa komawa barci bayan sahur a watan azumi ya san irin mafarkan da ke zuwa a lokacin, dogaye, masu launi, waɗanda kake tashi kana tuna su tiryan-tiryan. Na sani, malamai da yawa ba sa son barcin bayan asuba, kuma Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Mai shago a babbar kasuwar Marwa ma ba shi da wannan sararin. Ga irin waɗannan akwai ƙailula, musamman in ta zo da hantsi ko kafin azahar, ko kuma mutum ya farka kafin asuba da awa ɗaya da rabi, ya gwada, kiran salla ya same shi ya gama.

Yadda ake yi ba shi da wani sirri. Ka kwanta yadda ka saba, gefen dama ya wadatar. Ka saki jiki tun daga yatsun ƙafa har muƙamuƙi. Sai ka ba hankalinka wani ɗan aiki mara nauyi da zai riƙe: bin numfashi, ko ƙirge irin wanda LaBerge ya koyar, “ɗaya, mafarki nake, biyu, mafarki nake”, a hankali, a zuci. Duk wahalar tana wajen ma'auni. Ka riƙe da ƙarfi, barci ya ƙi zuwa. Ka sassauta da yawa, sai dai ka ji zakara. Ka zama kamar maigadi a bakin zaure: mutanen gida suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, shi bai hana kowa ba, bai kuma bi su ba.

Masu bidiyo suna tsorata mutane cewa kada a haɗiye miyau, kada a sosa. Wannan shirme ne. In miyau ya taru ka haɗiye, in sauro ya ci ka ka sosa ka koma. Wanda ke kokawa da maƙogwaronsa ba zai yi barci ba.

Can sai abubuwa su fara bayyana a bayan fatar ido. Ɗigo-ɗigon haske, launi mai yaɗuwa, wani lokaci fuskar wanda ba ka sani ba ta leƙo ta ɓace. Kunne na iya yin ƙara, ko ka ji an kira sunanka sarai da muryar mahaifiyarka. Jiki ya yi nauyi, ko ka ji kamar shimfiɗar tana lilo da kai. A nan mutane ke ɓata rawarsu da tsalle: zuciya ta buga, a ce “ga shi nan!”, shi ke nan an farka. Abin da ake so ka kalla kawai, kada ka bi hoto da ido, kada ka tanka. Hotunan za su fara daɗewa, su yi zurfi, har ka ga wuri sosai, wataƙila layin unguwarku, wataƙila bakin Binuwai da kwale-kwale. Idan ya tsaya da ƙafarsa, sai ka shiga da hannun mafarki: ka taɓa bango, ka murza tafukanka, ka ji yashi a ƙafa.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Sau da yawa mutum yakan ga kamar ya farka: ga ɗakinsa, ga gidan sauro, ga buta a inda ya ajiye ta. Sai ya ce yau ma ba a dace ba, ya juya, alhali yana cikin mafarkin. Gwajin mai sauƙi ne. Ka toshe hancinka da yatsu, ka rufe baki, ka ja numfashi. In iska ta shiga, mafarki kake.

Af, kada wanda ke Garwa ko Njamena ya sa kansa wannan aiki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, an ɗauke wuta, kowa ya baje a tsakar gida yana fifita. A bari sai hunturu. Mutanen Ngaundere dai Allah ya hutar da su. Sannan wanda ya sha shayi mai kauri har zagaye uku bayan isha'i, shi da kansa ya kori barcin da yake nema.

Sai maganar dannau, wadda masu tallan suke ratsawa da gudu. Wannan hanya tana bi ta ƙofar gidansa. A barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya farka jiki bai sake ba, shi ne dannau: kana ganin ɗaki, ba ka iya ɗaga yatsa, murya ta maƙale, ƙirji ya yi nauyi, kuma sau da yawa ka ji akwai wani a tsaye a kanka. Numfashi bai tsaya ba, yana tafiya da kansa, abin kuma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a cikin ɗalibai kuwa kusan kashi 28, kuma kwanciya rigingine da ƙarancin barci suna ƙara jawo shi. Wato ainihin kwanciyar da bidiyoyin ke koyarwa. In ya same ka, ka mai da hankali kan motsa yatsa ɗaya, ka yi addu'arka a zuci, ka jira. Ban ga wani karo tsakanin neman tsari da sanin yadda jiki ke aiki ba.

Amma ina roƙo, wanda ya ga tashin hankali da idonsa, irin 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a wajejen Mora da Kolofata, wanda har yau yake firgita cikin dare, kada ya je neman dannau da kansa. Haka mai fama da taɓin hankali, ko wanda barci ke kayar da shi da rana ba shiri. Likita ya kamata su gani. Maganar haɗiyar ƙwaya don a yi mafarki kuwa, mun ga abin da tramol ya yi wa matasanmu, ba ma buƙatar ƙari.

Inda na fi damuwa shi ne ma'anar da ake ba abin da aka gani. Hadisi ya raba mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa. A ganina mafarkin da ka shirya, ka ƙirga, ka shiga da ƙafarka, ka ce bari in je wuri kaza in ga wance, na ukun ne ƙarara. Kai ka rubuta wasiƙar, kai ka aika wa kanka. Don haka kada saurayi ya gina mafarkin aure da hannunsa, gari ya waye ya je gaban malam yana cewa “Allah gafarta malam, an nuna mini ita”. Ba a nuna maka komai ba. Kada a haɗa shi da istihara, kada kuma a yanke hukuncin kasuwanci ko a zargi maƙwabci da maita a kansa. Masu ƙara gishiri don a yaba musu kuma su tuna akwai gargaɗi mai tsanani a Buhari kan wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba. Sannan wanda ya kwanta da niyyar ya je ya aikata a can abin da zai ji kunyarsa a nan, ya tuna niyyar ido biyu ya ƙulla ta.

Amfaninsa fa? Akwai. Wasu masu yawan mugun mafarki suna samun sauƙi in sun koyi ganewa a tsakiyarsa. Akwai kuma daɗin kallon abin da kanka ke iya ginawa, wanda ni ban raina ba. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu: kuɗin da ake biya barci ne, kuma hanyar kai tsaye ita ta fi kowace tsada. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin mafarki cikin sani ko sau ɗaya, kuma galibi a tsakiyar mafarki ake ganewa. Mai son farawa ya bi ta nan: ya ajiye littafi kusa da matashi yana rubuta mafarkinsa da ya farka, in zai koma barci da asussuba ya riƙa nanata wa kansa cewa in na sake mafarki zan gane. A gwajin da Denholm Aspy ya yi a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya a 2017, masu haɗa wannan da farkawar tsakiyar barci sun dace a kusan kashi 17 cikin 100 na gwajinsu, waɗanda barci ya ɗauke cikin minti biyar kuwa kusan kashi 46.

Ɗalibin da jarrabawar BAC ta kammala sakandare ke gabansa, da ɗan acaɓan da zai wuni a kan titi, da direban da zai ɗauki hanyar Garwa zuwa Ngaundere da sassafe, ku bar barcinku yadda yake. In ma za a gwada, a bari sai daren da gobensa babu aiki.