A Ingila ciyawa ma da takardarta, mu kuwa komai "daji" ne

Taswirar tsirran Najeriya da aka koya mana a sakandare ta yi wa Arewa kuɗin goro. Layuka ne kawai a kwance: Sahel can sama, sai Sudan, sai Gini ta arewa da Gini ta kudu. Tushen wannan rabo aikin wani Bature ne masanin gandun daji, Keay, tun 1949, kuma da yawan ruwan sama da manyan itatuwa ya yi awo. A matsayin mafari ba laifi. Amma a wannan taswirar jigawar Daura da fadamar Haɗeja duk abu ɗaya ne, alhali ko yaron da ke kiwon awaki ya san ba haka ba ne.

Nan Ingila da nake zaune abin ya sha bamban. A 1975 hukuma ta sa aka fara bin ƙasar Birtaniya fili-fili, a ƙarƙashin jagorancin John Rodwell na Jami'ar Lancaster. Sai tsakanin 1991 da 2000 sakamakon ya fito cikin littattafai biyar, inda aka raba tsirran ƙasar zuwa rukuni 286. Kowane rukuni da lambarsa, kuma sunansa daga tsirran da suka fi rinjaye a wurin ake ɗauko shi, a haɗa da irin ƙasar: mai farar ƙasa ce, mai tsami ce, ko mai riƙe ruwa. Na taɓa tsayawa ina kallon wata mata a filin da ke bayan unguwarmu, ta auna mita biyu tsawo mita biyu faɗi, ta durƙusa cikin raɓa tana rubuta duk tsiron da ke ciki da yawan wurin da ya ci. Gidaje za a gina a wurin. Tun Fabrairun 2024 doka ta wajabta wa yawancin masu gini a Ingila su nuna cewa abin da za su bar wa tsirrai da namun dawa ya ɗara abin da suka tarar da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba a iya wannan lissafi sai an san abin da aka tarar.

Kada a ɗauka yabonsu nake yi ido rufe. Sai da kusan kashi 97 cikin ɗari na tsofaffin filayen ciyawarsu masu furanni suka tafi, daga shekarun 1930 zuwa na 1980, sannan littattafan suka iso.

Abin da nake so in faɗa shi ne, mu ba ilimin muka rasa ba. Manomin ƙasar Katsina ko Maraɗi da ƙasa yake farawa: tudu, jigawa, fako, fadama. Daga nan ya dubi abin da ya tsiro. Inda sabara ta yi yawa rairayi ne, gero zai yi. Kalgo ya fi son inda ƙasa ke ɗan riƙe danshi. Geza ta fako ce da wurin tsakuwa. Tumfafiya idan ta cika saura, gonar ta gaji. Bafulatani makiyayi kuma ya fi kowa. Ya san makiyayar da gamba ke tsaye a cikinta lafiyarta ƙalau, domin gamba saiwarta na raye har rani, da ruwan farko ta toho. Idan gamba ta ja baya kyasuwa ta karɓe, an fara matsa wa wurin. Idan kuma ƙarangiya ce kaɗai ta rage tana maƙale wa mutum a wando, to kiwo ya ci wurin. Wannan rarrabewa ce cikakkiya, da tsiro mai rinjaye da mazauninsa, irin wadda matar nan ke yi da takarda da biro.

Bambancin kawai, tasu tana shiga ofis, tamu tana tsayawa a bakin gona. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma da wuya ka ga takardar da ta faɗi wace ciyawa ce a cikin makiyaya kaza, balle a gane ko ta lalace. Ranar da za a yanka fili a ba wani mai kuɗi, a takarda "daji" za a rubuta, wato wurin da babu komai. Burtali ma haka ake cinye shi.

Dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma kwanciya shekara cur a wasu wurare. Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Masunta da manoma sun ga sauyin tun yana ƙarami, su ne suka san abin da ke wurin kafin ta zo. A taswirarmu ta makaranta kuwa launin yankin bai canza ba.

Ban ce a kwafo tsarin Birtaniya yadda yake ba. Ciyawarsu kore ce kusan duk shekara, tamu kuwa yawancinta a wata uku zuwa huɗu take tsira ta yi iri ta bushe, kuma shekarar fari da shekarar ruwa fili ɗaya fuska biyu yake nunawa. Don haka namu rabon da ƙasa da ƙananan itatuwa ya kamata ya fara, su da ba sa gudu, ciyawa ta biyo baya. Sunayen ma akwai su a rubuce, wani Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Jami'o'in Kano da Sakkwato da Maraɗi suna da ɗaliban aikin gona da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. A tura su makiyaya a watan Satumba, kafin ciyawa ta bushe, da igiyar awo, kowane ɗalibi a haɗa shi da dattijon makiyayi, kuma a biya dattijon kuɗin aikinsa.