Ƴan uwana matasa, wa ya ce ku daina lanƙwasa ƙ?

Kwanaki na aika wa wani ƙanena da ke Maraɗi kuɗi ya kai wa gwaggonmu. Da yamma sai ga saƙo: "Yaya na bata kudin." Na zauna ina juya wayar a hannu. Ya ba ta ne, ko ya ɓata su? Sai da na kira shi hankalina ya kwanta. Yaron nan fa ya gama lakwal, Faransancinsa ba ya barin ɗigo ko ɗaya a kan harafi, amma da ya zo kan Hausa sai ya sake mata linzami.

Ba shi kaɗai ba ne, mu ma na Kano da Katsina haka muke. Kuma abin da ke ba ni takaici, wannan rubutun da muke wasa da shi ba daga sama ya faɗo ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako, suka zauna kan haruffan Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da harshen Buzaye da na Mande. A 1980 aka sake zama a Yamai, a cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, don Hausar boko ta Nijar da ta Najeriya su zama ɗaya. Ku duba fa: wannan ya yi karatu a hannun Faransawa, wancan a hannun Turawan Ingila, kowa da irin harafin da ya saba, amma suka sauko suka daidaita, don littafin da aka buga a Zariya ya karantu a Damagaram. Ɗan bambancin da ya rage bai taka kara ya karya ba: can Nijar sun fi rubuta ƴ, nan Najeriya an fi sa 'y.

Gwamnatoci kan ɓata. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya, ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A lokacin na ga yaranmu suna ta zagin juna a Facebook, ɗan Nijar da ɗan Najeriya, da Hausar da ko kakanninsu ba za su gane ba. Kunya ta kama ni.

To a shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a buƙaci malamai, da masu fassara, da masu rubuta littattafan yara. Wa zai ɗauki wanda bai san bambancin baki da baƙi ba, wanda ke haɗe "ba ta" wuri guda?

Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da allon Hausa, kyauta ne, minti biyu ya ishe ka sa shi. Ranar 26 ga Agusta kowa zai sa babbar riga ya ɗauki hoton Ranar Hausa. Ni dai rubutun da ke ƙarƙashin hoton zan fara dubawa, kuma da na ƙanena zan soma.